POCAHONTAS: 'YAR SARKIN DA AKA SAYAR A KAN TUKUNYAR TAGULLA

Yau kam ba ƙagaggen labarin soyayya na zo muku da shi ba. Labari ne da ya faru da gaske, sama da shekara 400 da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa. Amma na tabbata duk uwar da ta haifi 'ya mace, da duk uban da ya taɓa aurarwa, in suka karanta sai jikinsu ya yi sanyi.

Abin da ya jawo shi kuwa, wata ranar Asabar ce ina zaune a falo ina tsintar shinkafa, yara sun kunna wani tsohon katun na kamfanin Disney mai suna Pocahontas, wanda ya fito a 1995. Wata santaleliyar budurwa ce mai gashi har gadon baya, 'yar sarkin mutanen nan da muke ce wa Indiyawan daji, ta faɗa soyayya da wani kyakkyawan Bature, John Smith. Aka zo za a kashe shi, ta kifa kanta a kan nasa, aka fasa. A ƙarshe ya ji ciwo, jirgin ruwa ya tafi da shi gida, ita kuma tana tsaye a kan dutse iska na kaɗa gashinta. 'Yata ta juyo idonta ya cika da ƙwalla ta ce, "Umma, daga baya ya dawo ya aure ta ko?" Na ce ta ba ni kwana biyu in bincika. To binciken nan shi ya hana ni barci, don abin da na tarar ko kusa bai yi kama da abin da yaran suka kalla ba.

A gabar gabashin Amurka, wurin da yau ake kira jihar Bajiniya, akwai wata ƙasa mai manyan koguna da masu ita ke kira Tsenacommacah. Kada sunan nan na Indiyawan daji ya ruɗe ku, ba su haɗa komai da Indiya ba, kuma ba a daji suke gararamba ba. Garuruwa gare su da gonakin masara da wake da kabewa. Mata ke noma, su ke gina ɗakuna, maza kuma na farauta da kamun kifi da yaƙi. Babban sarkinsu sunansa Wahunsenaca, amma Turawa sun fi saninsa da Powhatan, sunan garinsu na asali. Ƙabilu 6 ya gada, ya yi ta faɗaɗawa da yaƙi da dabara har ya mallaki wajen 30, jama'a kimanin 15,000.

Cikin dabarun nasa har da aure. Yakan auro mace daga wannan gari, in ta haihu sai a mayar da ita garinsu da goyonta, yaro in ya yi wayo a dawo da shi fada, uwar kuma ta yi wani auren. Ta haka garuruwa da dama suka zama surukansa. Kun ga ke nan tun kafin Bature ya zo, aure a gidan nan igiyar mulki ne. Sarautarsu kuwa ɗakin uwa take bi: in sarki ya mutu ƙannensa maza ke gado, sannan 'yan'uwansa mata, sannan 'ya'yan matan. Don haka yarinyarmu, da aka haifa wajen 1596, ba ta cikin masu jiran gado. 'Yar lelen uba ce kawai. Sunanta Amonute, tana kuma da sunan ɓoye, Matoaka. Pocahontas laƙabi ne na wasa, kamar dai mu ce 'yar ƙiriniya.

A watan Mayu na 1607 jiragen ruwa 3 suka shigo kogin ƙasar, ɗauke da maza da yara 104, babu mace ko ɗaya. Wani kamfanin 'yan kasuwa na Landan ne ya turo su da izinin Sarki James na Ɗaya, su nemo zinariya da hanyar ruwa zuwa ƙasashen gabas. Suka kafa shingen itace suka raɗa wa wurin Jamestown, don girmama sarkinsu. Sun zaɓi wurin ne saboda tsoron jiragen yaƙin Sifen, amma fadama ce mai sauro, ruwanta na zartsi. Wajen sulusinsu 'ya'yan manya ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ga shi kuma sun zo a mummunan lokaci, domin masu binciken zoben da ke cikin kututturen tsofaffin itatuwa sun gano cewa daga 1606 zuwa 1612 an yi fari mai tsanani a yankin, wato masu ƙasar ma abincinsu da ƙyar yake isar su. Zawo da zazzaɓi da yunwa suka shiga ɗauke ɗai-ɗai. Zuwa Janairun 1608 mutum 38 kaɗai suka rage.

Mai karatu zai ce, me ya hana Powhatan ya share su a dare ɗaya? Ai bai ɗauke su bakin komai ba. Mutanen da suka zo ba mata, ba su iya noma ba, suna mutuwa kamar ƙudaje, wa zai ce zama suka zo yi? Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Ga su kuma da kayan da yake so: tagulla, gatari, wuƙaƙe, da uwa uba bindiga, wadda za ta yi masa amfani a kan abokan gabansa na yamma. Sai ya ga gara ya ciyar da su, ya mayar da su ɗaya daga cikin ƙabilun da ke bin sa.

A nan John Smith ya shigo. Tsohon sojan haya ne mai shekara 27, gajere mai cikar gemu, mai faɗa da cika baki. A Disambar 1607 ya fita neman abinci, sai wani ɗan'uwan sarki mai suna Opechancanough ya kama shi. Ku riƙe wannan sunan, za mu sake haɗuwa da shi. Aka kai Smith fadar Werowocomoco, kuma a nan ne ya ce an ɗora kansa a kan duwatsu za a rotse da kulake, yarinyar ta rugo ta rungume kan. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. A labarin da ya rubuta a 1608, 'yan watanni bayan abin, ko kaɗan bai ambaci haka ba, cewa ya yi an karɓe shi hannu bibbiyu an cika shi da abinci. Labarin ceton bai fito a ɗab'i ba sai a 1624, bayan ita da ubanta duk sun mutu. Wasu masana sun ce shirya shi ya yi, wasu kuma sun ce wata al'ada ce ta mayar da baƙo ɗan gida shi bai gane ba, don kuwa bayan nan Powhatan ya ce ya ɗauke shi ɗa, har ya yi masa tayin gari. Ni dai abin da ya ba ni dariya, wannan bawan Allah a cikin littattafansa kusan duk ƙasar da ya shiga uku sai wata mace ta taimake shi, har a ƙasar Turkawa.

Batun soyayya kuwa, babu shi. Shi kansa Smith bai taɓa cewa akwai ba. A rubutunsa na 1608 yarinya 'yar shekara 10 ya kira ta. Wani Baturen ma, William Strachey, ya rubuta cewa takan shigo Jamestown ta tara yaran Turawa su yi ta alkafura a filin kasuwa. Yarinya ce da ubanta ke haɗawa da 'yan aike masu kai masara, don ganin 'yar sarki a cikin ayari alama ce ta an zo da lafiya.

Zaman bai daɗe da daɗi ba. A ƙarshen 1608 kamfani ya aiko da kambi da gado da jar alkyabba, wai a naɗa Powhatan ya zama ɗan sarki a ƙarƙashin Sarki James. Aka aika masa ya zo Jamestown. Ya ce shi ma sarki ne, nan kuma ƙasarsa ce, mai son ganinsa ya zo. Dole suka tafi. Aka ce ya durƙusa, ya ƙi. Sai da suka danna kafaɗunsa ya ɗan sunkuya, suka yi maza suka ɗora kambin. Tukuicin da ya bayar kuwa, tsofaffin takalmansa da mayafinsa. Wallahi tsohon nan ya burge ni. Amma Turawa sai ƙaruwa suke, masara kuma sai ƙaranci take. Da mutanen ƙasa suka ƙi sayarwa, Smith ya koma karɓa da bakin bindiga. A Janairun 1609 ya cafki tukkun Opechancanough a gaban jama'arsa, ya ɗora masa ƙaramar bindiga a ƙirji har sai da aka cika masa jirgi da abinci. Daga baya albarushi ya ƙone Smith, a Oktoban shekarar aka mayar da shi Ingila, bai sake taka Bajiniya ba. Pocahontas kuwa aka ce mata ya mutu.

Hunturun da ya biyo baya shi Turawa ke kira lokacin yunwa. Powhatan ya sa aka tsare su, duk wanda ya leƙo waje kibiya ce rabonsa. Suka cinye dawakai da karnuka da ɓeraye, suka dafa fatar takalma. Daga nan abin ya wuce misali. A 2012 masu tonon kayan tarihi sun haƙo ƙoƙon kan wata yarinya Baturiya 'yar kimanin shekara 14, da sawun wuƙa a jikinsa irin na fiɗa. Allah Ya raba mu da yunwa. Mutum 60 suka rage a cikin shingen. A Yunin 1610 suka tattara suka shiga jirgi sun haƙura, ashe ta leƙo ta koma ce ga mutanen ƙasa, don tun ba su fita kogin ba suka ci karo da sabon gwamna da jirage cike da mutane da abinci. Suka juyo. A Agusta suka afka wa garin Paspahegh, maƙwabtansu na kusa, suka ƙone shi, suka kama matar sarkin garin da 'ya'yanta. Yaran aka jefa su cikin kogi aka harbe, uwar aka kashe ta da takobi. Wanda ya jagoranci harin, George Percy, shi ya rubuta da hannunsa.

Duk cikin wannan yaƙi yarinyarmu ta girma. Strachey ya ce wajen 1610 ta auri wani jarumi na mutanenta mai suna Kocoum. Wannan miji kam ba kasafai masu ba da labarin soyayya ke tunawa da shi ba.

Yanzu ga inda ya fi taɓa ni. A Afrilun 1613 wani kyaftin ɗin jirgi, Samuel Argall, ya ji labarin tana ƙasar Patawomeck, can arewa. Ya sami wani ƙaramin sarki na wurin, Japazaws, ya ce ko ya taimaka a kama ta, ko amincinsu ya ƙare, ya kuma yi masa alkawarin kariya in Powhatan ya taso. Sai aka haɗa baki da matar Japazaws. Suna tafe a bakin ruwa su uku, matar ta ce ita fa tana son ta ga cikin jirgin Turawa. Mijin ya yi kamar ya fusata, ya ce ba za ta shiga cikin maza ita kaɗai ba. Ta fashe da kukan ƙarya. Pocahontas ta ji tausayinta ta ce to mu je in raka ki. Aka yi musu liyafa, aka ba ta ɗaki ta kwana. Da gari ya waye ta fito za ta tafi, aka ce mata ba inda za ta. Japazaws da matarsa suka yi ta kururuwa kamar gaske, sannan suka sauka abinsu da ladansu: 'yar ƙaramar tukunyar tagulla da 'yan tarkace. Jama'a, mace ce fa ta yi wa 'yar'uwarta mace wannan, kuma da tausayinta aka kama ta.

Aka aika wa Powhatan sharuɗɗan fansa: ya sako Turawan da ke hannunsa, ya dawo da bindigogi da kayan aiki, ya kawo masara. Sai da aka yi wata 3 kafin ya amsa. Ya sako mutum 7, kowanne da lalatacciyar bindiga, da alkawarin masara in an sako ta. Turawa suka ce bai isa ba. Haka ta shekara a hannunsu, ana koya mata Turanci da addinin Kirista a wurin wani limamin coci, Alexander Whitaker, a sabon garinsu na Henricus.

A Maris na 1614 Gwamna Thomas Dale ya ɗauke ta da sojoji 150 suka shiga ƙasar ubanta, suka ƙone gidaje, suka ce a zo a fanshe ta. Uban bai fito ba, 'yan'uwanta maza biyu ne suka zo suka gan ta. Dale ya rubuta cewa ta faɗa wa mutanenta, da ubanta na son ta da bai fifita tsofaffin takubba da bindigogi da gatura a kanta ba, don haka za ta zauna da Turawa. Mu tuna wanda ya tsare ta ne ya ba da wannan labari. Amma in har ta faɗa, ni ban ga laifinta ba. Shekara guda tana zuba ido a hanya. Shi ma tsohon na kasa yanke masa hukunci. Sarki ne da ke da garuruwa sama da 100 a wuyansa, in ya miƙa bindigogin yau, da su za a ƙone garuruwan gobe. Uba ne ta nan, sarki ta can, ya zaɓi sarautar.

A wannan tafiyar ce aka miƙa wa gwamna wasiƙar wani manomi, John Rolfe, yana neman izinin aurenta. Rolfe mutum ne da ya sha wuya. Jirginsu ya fashe a tsibirin Bermuda a 1609, 'yar da aka haifa masa a can ta mutu, matar ma ta bi ta. Shi ne kuma ya fara shuka irin taba mai daɗin ƙamshi a Jamestown a 1612. Wasiƙar tasa tana nan har yau, kuma ban taɓa ganin takardar neman aure irinta ba. Ya amsa cewa zuciyarsa ta sarƙe da tunaninta, amma ya yi ta rantsuwa cewa ba sha'awa ce ta ja shi ba, don amfanin garin ne, da martabar Ingila, da ceton ranta. Har ya kira mutanenta jahilai la'anannu. 'Yan mata, in saurayi ya aiko muku da irin wannan me za ku ce? Aka yi mata baftisma aka sa mata Rebecca, sunan matar Annabi Ishaƙa a cikin Baibul, wadda tagwayenta suka zama kakannin al'ummai biyu. Ranar 5 ga Afrilu 1614 aka ɗaura aure a cocin Jamestown. Uban ya yarda amma bai zo ba, wani tsohon kawunta ya turo da 'yan'uwanta biyu. Yaƙi ya tsaya.

Zuriyar mutanenta suna da tasu ruwayar. Ƙabilar Mattaponi, a wani littafi da ya fito a 2007, sun ce ta haifi ɗa da Kocoum, an kashe Kocoum bayan sace ta, an kuma ci zarafinta a tsare, auren ma ba ta da zaɓi a cikinsa.

Bayan bikin da 'yan makonni sai ga abin mamaki. Gwamna Dale, wanda ke da mata a Ingila, ya aiki sakatarensa Ralph Hamor wurin Powhatan, wai shi ma a ba shi ƙanwarta, yarinyar da ba ta cika shekara 12 ba, don zumunci ya ƙara ƙarfi. Tsohon ya fara da tambayar lafiyar 'yarsa da yadda suke zaune da mijin. Da aka zo kan buƙata sai ya ce ya riga ya aurar da yarinyar, ya karɓi duwatsun ƙwanso da suke ciniki da su kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Hamor ya ce a mayar, za su ninka. A nan ya fito fili. Ya ce yarinyar nan yana son ta kamar ransa, in ba ya ganinta ba zai rayu ba, shi kuma ya yi alkawarin ba zai taɓa shiga hannun Turawa ba, wato in ta tafi sun rabu ke nan. Ya ce 'ya ɗaya ya bayar jingina, ta isa, ba 'yan'uwantaka ba ce a raba shi da biyu. Ya ce an kashe mutane da yawa ta kowane ɓangare, ya tsufa, yana son ya ƙare kwanansa lafiya. Da na karanta wannan sai na gane me ya hana shi zuwa ɗaurin aure, na kuma gane ya san Pocahontas ta tafi har abada.

A 1615 ta haifi ɗa namiji, Thomas. Kamfani kuwa yana cikin matsin kuɗi, masu zuba jari sun gaji. Sai suka ga ga talla ta samu: 'yar sarkin arna ta zama Kirista, ta auri Bature, tana jin Turanci. A 1616 aka kwashe ta da mijin da ɗan da mutanenta wajen 12 zuwa Ingila. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Aka sa mata tufafin matan fada, aka zana hotonta da doguwar hula, babban limamin cocin Landan ya yi mata liyafa, a Janairun 1617 kuma aka kai ta kallon wasa a fadar Sarki James. Cikin ayarin akwai mijin 'yar'uwarta, Tomocomo, wanda Powhatan ya ce ya ƙirgo masa yawan mutanen Ingila. Ya sami sanda yana yi mata tsaga, duk mutum ɗaya tsaga ɗaya. Bai yi nisa ba ya jefar da sandar.

A Ingila ta ji ashe John Smith na da rai. Ya san ta zo, amma ya ɗauki watanni bai leƙo ba. Ranar da ya zo gidan da take a Brentford, shi da kansa ya rubuta cewa tana ganinsa ta juya baya ta rufe fuska, ba ta ce uffan ba har awa biyu ko uku. Da ta buɗe baki ba kalaman masoya suka fito ba. Tuna masa ta yi cewa ya yi wa ubanta alkawarin abinsa nasa ne, ya kira shi uba lokacin da yake baƙo a ƙasarsu, don haka ita ma yau da take baƙuwa uba za ta kira shi. Ta ce an ce musu ya mutu, amma ubanta ya sa a bincika, don mutanen Ingila sun cika ƙarya. Iyakar haɗuwarsu ke nan.

A Maris na 1617 suka shiga jirgi za su koma gida. Ba su ma fita kogin Landan ba ciwo ya ci ƙarfinta, aka sauke ta a garin Gravesend, ta cika a can tana da shekara 20 ko 21. Masana sun fi zaton ciwon huhu ne ko na ciki, Mattaponi kuma sun ce guba aka ba ta. Rolfe ya rubuta cewa ta ce kowa zai mutu, ya ishe ta tunda ɗanta na raye. An binne ta ranar 21 ga Maris a cocin garin. Cocin ya ƙone a 1727, kabarin ya ɓace, sai mutum-mutuminta da ke tsaye a harabar yau. Thomas ma ba shi da lafiya, uban ya bar shi a Ingila a hannun dangi ya wuce. Ba su sake ganin juna ba. Powhatan ya mutu a 1618, shekara guda bayan 'yarsa.

Tabar Rolfe kuwa ta karɓu a Landan. Taba na cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, dole a nemi sabuwar gona, gonakin da aka riga aka share a bakin kogi kuma na mutanen ƙasa ne. Kamfani ya shiga ba da eka 50 a kan duk mutum ɗaya da aka biya wa kuɗin jirgi. A 1619 aka sauke 'yan Afirka 20 da 'yan kai da aka sato daga Angola. A 1620 aka kawo 'yan mata wajen 90 daga Ingila don a aura, mai so ya biya kuɗin jirginta da ganyen taba wajen kilo 54. Baƙon da aka ce raɓa ne ya kawo mata, ya fara haihuwa.

Opechancanough, wanda aka taɓa ja wa tukku, shi ke riƙe da ragama a lokacin. Ya yi ta murmushi yana shiri. Safiyar 22 ga Maris 1622 mutanensa suka shiga gidajen Turawa kamar kullum da kayan sayarwa, wasu har karin kumallo aka yi da su, sannan suka ɗauki makamai. Mutum 347 suka kashe, maza da mata da yara. Zaman lafiyar da aka saya da yarinyar nan shekara 8 ya yi. Turawa suka rama da ƙone gonaki duk shekara, a 1623 kuma suka kira taron sulhu suka zuba guba a giya, aka ce wajen mutum 200 suka sha. A 1644 tsohon ya sake gwadawa, an kashe Turawa sama da 400, amma sun riga sun yi yawa. A 1646 aka kama shi, ya tsufa tukuf har sai an ɗauke shi a kan makara, wani mai gadi ya harbe shi ta baya a Jamestown.

Thomas fa? Ya dawo Bajiniya wajen 1635, cikakken Bature, ya gaji gonaki. A 1641 sai da ya nemi izinin gwamna kafin ya je gaida 'yar'uwar mahaifiyarsa da Opechancanough. A 1646 kuma aka ba shi riƙon wani sansanin soja da aka gina don tsare iyaka daga dangin uwarsa. A 1691 Bajiniya ta yi dokar hana Bature auren baƙar fata ko ɗan asalin ƙasa, wato irin auren da ya ceci garinsu ya zama laifi. Da aka ƙara tsananta dokar a 1924, sai manyan gidajen da ke tutiyar su jikokin Pocahontas ne suka ga za ta shafe su, aka sa musu togaciya: mai ɗigon jinin 'yan ƙasa da bai wuce kashi 1 cikin 16 ba, Bature ne. Sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta rushe dokar. Mutanenta dai ba su ƙare ba. Pamunkey da Mattaponi suna nan a 'yan filayen da suka rage musu a bakin kogunansu, kuma duk watan Nuwamba sukan kai wa gwamnan jihar barewa, cika sharaɗin yarjejeniyar 1677.

Da na zaunar da 'yata na ba ta labarin, na tsallake wuraren da ba su dace da kunnen yaro ba, ta yi shiru. Can ta ce, "To Umma, duk wannan abin ina mamanta?" Turawan da suka rubuta sunan jirgi da na kyaftin, har da tukunyar da aka biya, babu wanda ya rubuta sunan matar da ta haife ta. Mattaponi dai sun ce wajen haihuwarta ta rasu.